Kati Mai Ƙanshin Turare

A wani zamani can gaba, a birnin da ke rataye cikin gajimare, wani gwanin karta ya ɗora hannu a ka.

"Wayyo, an kashe ni! 'Yar ƙanwata ta cinye ni a wasan ƙarshe!"

Ladan wasan kujera ɗaya ce a jirgin zuwa duniyar wata, inda mahaifiyar yarinyar take aiki.

Yarinyar, Lantana, ta shinshina katin da ya ba ta nasara, ta miƙa masa.

"Kawu, ba nawa ba ne. Ƙanshin turarenka yake yi."

Ya gyara hula, ya sake gyara hula.

"To, ni na cusa miki shi. Je ki, 'yata. Ki gaya wa ƙanwata har yanzu na fi ta kyau."