Tsamiyar Gwaggo Ladidi da Wayar Wuta

Bayan isha'i muka kewaye Yaya Mudi, ɗan wan babanmu. Ya rage murya ya ce, "Ku matso ku ji abin da ya sami Gwaggo Ladidi a lambunta."

Tsohuwar tsamiya ce a lambun. Reshenta ɗaya ya miƙe har yana gogar wayar wutar lantarki, in iska ta kaɗa sai tartsatsi. Wata rana aka yi yayyafi, akuyar maƙwabta ta jingina da gindin, nan take ta sandare. Gwaggo ta taka har ofishin masu wuta. Suka ce ran Alhamis za su ɗauke wutar layin su zo su sare reshen. Kafin nan kada kowa ya hau, kada ma ya matsa kusa.

Ran Laraba da tsakar rana tana ban ruwan alayyafo ita kaɗai. Tsuntsaye suka yi tsit. Sai ta ji sallama.

Wani dogon tsoho ne, farar riga har ƙasa. Muryarsa da ɗan ƙugi a ciki, irin na wayar.

"Baiwar Allah, an ce za ki sa a rushe mana ɗaki."

"Malam, lambuna ne. Maigidana ya bar mini."

"Mun riga kakansa zama a nan."

"To ai kun ga akuyar da ta mutu. Gobe ɗan wani ne."

Ta sunkuyar da kai. A jiƙaƙƙiyar ƙasa ta ga sawunsa. Kofaton jaki.

Ya yi murmushi. "To ba sai baƙi sun shigo ba. Ga tsani, ga adda. Hau ki sare da kanki, zan riƙe miki."

Ta waiwaya. Ga tsanin ƙarfe jingine da itacen, kansa dab da wayar. Ita kuwa ba ta taɓa mallakar tsani ba.

Ta ambaci sunan Allah ta dube shi ido cikin ido.

"Ba zan hau ba. Kuma reshen nan sai ya sauka. Wanda ya halicce ka shi ya halicce ni. In ɗaki kake so, ga rassan gabas can, ba mai taɓa su."

"Ba kya jin tsoro?"

"Ina ji. Amma ban fasa ba."

Iska ta taso ta rufe mata ido. Da ta buɗe, ba tsoho, ba tsani.

Ran Alhamis ma'aikata suka ɗauke wuta, suka sare reshen, tana tsaye tana kallo. Kashegari da safe ta tarar da ƙwarya cike da ɓararriyar tsamiya a ƙofar ɗakinta, alhali ba lokacin tsamiya ba ne. Ta dama kunu da ita, ta sha abinta.

Yaya Mudi ya dube mu ɗaya bayan ɗaya. "Kada wanda ya bi ta lambun nan shi kaɗai da rana tsaka. In kuma baƙo ya ce zai riƙe maka tsani a gindin waya, fara duba ƙafarsa."