Tagar da Ta Yanke Aya

Ku matso ku zauna. Babba, ajiye wayar nan. Auta, turo ƙofa. Kafin ku kira magini ya sa guduma a bangon falon nan don ku yi shago, sai kun ji abin da kakarku ta ba ni da bakinta, shekarar da aka kawo ni gidan nan.

Mahaifin kakanku mai zane ne. Masallatan unguwa duk hannunsa ne a jikinsu. Da tsufa ya hana shi hawa tsani, sai ya juyo kan falonsa. Ya zagaye bangon da aya guda doguwa, shuɗin rubutu a kan fari, ƙarƙashinta taurari masu shiga juna, ido ba ya gane inda ɗaya ya ƙare. Maƙwabta kan kawo 'ya'yansu su ga yadda ake jan harafi. Gwaggonku, tana yarinya, ita ke dama masa launi.

Da ya rasu, gida ya koma hannun kakanku Tela. Kakarku na fama da asma, falon kuma babu iska. Tela ya ce a fasa taga. Magini ya tsaya da guduma a hannu ya ce, "Rubutun fa?" Tela ya ce, "Ado ne. Matata na shaƙewa, fasa kawai." Aka fasa, aka kwashe ɓaraguzan aka zubar a bayan katangar gida.

Ran nan da magariba kakarku na zaune gindin tagar, tana numfashi kamar kowa, abin da ta daɗe ba ta yi ba. Kaji sun shige. Gari ya yi tsit. Sai wani abu ya faɗo kan kwanon rufi, ya gangaro a hankali, ya tsaya gaban ƙafarta. Ta ce yara ne. Ta leƙa, babu kowa a layi.

Washegari haka, jibi haka, kullum da faɗuwar rana. Jifan bai taɓa samun kowa ba. Tela ya yi ta zagin 'ya'yan maƙwabta, har aka daina gaisawa. Kakarku ce ta tsuguna wata yamma ta juya dutse guda, ta ga shuɗi a jikinsa, rabin harafi. Ta juya sauran. Duk ɓaraguzan tagarta ne ake dawo musu da su. Ta tara su a kwando, ba ta gaya wa kowa ba, don ta san za a ce a toshe tagar.

Sai murya ta biyo baya. Idan duhu ya fara shiga falo, a ji wani yana karatu can ƙasa-ƙasa, yana bin bango daga bakin ƙofa. Da ya iso taga sai ya tsaya. Shiru. Ya koma farko. Kakarku ta daina zama wuri guda, ta shiga ɗaki ta fito, ta ɗora tukunya ta manta.

Rannan ta tarar da Gwaggonku, budurwa a lokacin, tsaye da goshi a jikin bango, tana bin haruffa da yatsa har fatar ta sale. Ta kira sunanta. Yarinya ta juyo, idon ba nata ba.

Aka ɗauko malami, wani siririn dattijo mara yawan magana. Ya zauna ya yi ta karatu a kanta har ta daina fizge-fizge. Sannan ya ce, "Wane ne kai?"

Muryar tsoho ta fito daga bakin yarinyar. "Maƙwabci ne. Na riga su zama a nan."

"Musulmi ne kai?"

"A bangon nan na musulunta. Mai zane na ja, ina kallo. Kullum magariba ina karantawa. Yanzu in na zo tsakiya sai rami."

"Shi ne za ka kama 'yar mutane? Ba ka ji kunya ba?"

"Na yi jifa, ba su gane ba. Wannan kaɗai ce ta san darajar harafi a gidan."

Malam ya ce, "To saurara, in karanta maka ƙarshenta, ka haddace, ka tafi."

"Kaina ba ya riƙewa, malam. Da ido nake karatu. A toshe tagar."

Tela ya ce a toshe yau ɗin nan. Kakarku ta riga ta san me toshewar ke nufi ga ƙirjinta, amma ta dubi yatsan 'yarta ta ce, "A toshe." Malam ya ɗaga hannu. "Ba za a kashe mace don kai ka ji daɗin karatu ba. Aya ba ta ce sai a miƙe za ta tafi ba. Za ta hau saman taga, ta lanƙwasa, ta sauko ta haɗu da sauranta."

Muryar ta ce, "Wa zai ja? Mai hannun ya mutu."

"Wadda kake ciki. Fita ka ba ta hannunta."

"Haruffan su zama manya. Idona ya yi rauni."

Yarinya ta yi atishawa ta zube. Da ta warke, kakarku ta fito da kwandon nan, suka jera gutsattsarin a ƙasa don ta ga yadda kakanta ya ja kowane harafi. Malam na faɗa, Gwaggonku tana ja. Ku ɗaga kai ku duba, shuɗin saman tagar ya fi sauran duhu. Tun daga ranar ba a sake jifa ba, kakarku kuma ta shaƙi iskarta har ta tsufa.

Kun ce Gwaggonku taurin kai ne da ita, ta hana ku ci gaba. Ni ban ce kada ku nemi abinci ba, na san shago zai taimake ku. Amma ni ke kwana a gidan nan, ku kuna gidajenku. Ku tashi ku je wurinta, ku zauna ku kashe maganar nan. In rushewa za ku yi, ku fara gaya mata inda ayar za ta koma.