Wadda Ta Kashe Gwaggo

Ranar da Auta ta fara ganin mai gyaran waya, ba ta san bakinsa ne ya sa ta fasa wayarta ba.

Shagon ɗan ƙarami ne, a matse tsakanin mai aski da mai sayar da caja. Ta miƙa masa wayar, gilashin duk ya tsattsage. Ya ɗago suka haɗa ido, sai da ya manta abin da zai ce. Dogo ne, da ɗan sukundireba a maƙale bayan kunne, ga murmushi mai saurin shiga rai. Ya tambaye ta ko faɗuwa wayar ta yi, ta ce a'a, da bango ta haɗu.

Yana cikin aiki mai aski ya leƙo, ya kira shi Mai Sharhi, ya ce don Allah ya sake karanta musu abin nan da ya rubuta, ga baƙi sun zo ba su ji ba.

Maganar Gidan Haya ake yi, katun ɗin nan, shirin zane mai motsi da aka fara tun Auta tana goye, wanda yaro da babba ke zaman jira kowane mako. A kashin da ya wuce, Gwaggo Mai Faɗa, tsohuwar da ke zazzage kowa a gidan, ta kwanta barci ba ta tashi ba. 'Yan kallo suka yi ca a shafin shirin. Wani ya ce shirin ya mutu tare da ita. Wata ta ce ɗanta ya ƙi zuwa makaranta. Wani ya rantse ya daina kallo, alhali shi ne zai riga kowa zama mako mai zuwa. Amma sharhi ɗaya ya fi yawo, kuma shi mai gyaran waya ya gyara murya ya karanta:

"Wanda ya rubuta wannan kashi bai taɓa binne kowa ba. Ko dai ba shi da uwa, ko bai san darajarta ba. Da ya sani, da bai kashe mana Gwaggo kamar mai kashe fitila ba."

Aka tafa masa. Ya juyo yana neman yabo a fuskar Auta, ya ce, "Ka gane ko? Au, kin gane ko?"

Ta gane sarai. Ita ce ta rubuta kashin. Mahaifiyarta ce muryar Gwaggo tun daga farko, mace mai gudun a san ta, shi ya sa ko sunanta ba a sakawa. Da ta rasu, kamfanin ya so a nemo mai kwaikwayon muryarta a ci gaba. Auta ta ce ba za a yi haka tana raye ba, ta zauna ta rubuta wa uwarta bankwana, hawaye na ɗiga a kan kwamfuta. Wannan sharhin ta karanta ta maka wayarta da bango, ga shi Allah ya kawo ta gaban mai shi.

Ta yi masa murmushi, ta ce lallai ya iya rubutu. Wanda ya san Auta ya san wannan murmushin ba na alheri ba ne.

Marubutan Gidan Haya suna da tsarinsu. Ba a ƙirƙiro sabon mutum daga kai. Sai a je a zauna da mutum na gaske, a kwashe tafiyarsa da maganarsa da yadda yake sosa ƙeya, sannan a kai wa masu zane. Kafin ta isa gida ta gama yanke shawara: sai ta mayar da shi abin dariyar duk wanda ya tafa masa.

Shi kuwa bawan Allah, da yamma sai ga saƙonsa:

"Salamu alaikum. Mai gyaran waya ne. Gilashin ya zauna lafiya? Don Allah ki riƙa yi wa bango haƙuri, shi ba ya fashewa."

Ta mayar masa: "Ya zauna, Injiniya. Amma sifika tana shaƙewa, gobe zan kawo."

Sifikar nan lafiyarta ƙalau. Bayan ita batir ya sami matsala, bayan batir kyamara. Ya gane, ya yi kamar bai gane ba. Ya tanadar mata kujera ta musamman, ya riƙa aika wa a sayo mata lemo mai sanyi. Ta ce masa aikin rubutu take yi a wani ofis, bai tona ba. A bakinsa, daga Mai Fasa Gilashi sunanta ya koma Gilashina.

"Gilashina, yau shagon ya yi duhu, kuma wuta ba ta ɗauke ba. Kina ina?"

Tana karantawa tana taɓe baki, sannan ta sake karantawa.

Wata rana ya nuna mata wani gwangwani cike da ƙananan kusoshi. Daga matattun wayoyi yake ciro su don ranar buƙata, amma ya tsokane ta ya ce ragowar wayoyin mutane ne, idan ya haɗa suka yi saura sai ya zuba a nan ya yi addu'a. Ta yi dariya har da riƙe ciki, ta tafi ofis ta saka shi a labari kamar gaske. Haka aka haifi Malam Ka-Gane-Ko, mai gyaran waya mai dogon wuya, wanda ya san yadda ake komai a duniya ban da gyaran waya. Ta miƙa wa babban mai zane, wanda ya daɗe yana bin ta tana zillewa.

Bayan ta miƙa ne Injiniya ya kai ta ta gaida mahaifiyarsa.

Mama tana kwance a ɗaki mai tsabta, ɓarin jikinta ya shanye, keken guragu a jingine bayan ƙofa. Ta amsa gaisuwar Auta da fara'a, amma da aka kawo abinci ta kau da kai. Sai ɗan nata ya ɗauki cokali, ya murtuke fuska, ya maƙale murya ya ce, "Ke, buɗe bakin nan kafin raina ya ɓaci. Ni za ki yi wa yanga?"

Maganar Gwaggo ce, har da yadda take jan ƙarshen kalma. Mama ta yi dariya da rabin bakinta, ta karɓi loma.

Da ya rako ta ya gaya mata cewa tun da ciwon ya sami Mama, Gwaggo kaɗai ke sa ta dariya. Ranar da aka kashe ta, Mama ta juya fuska bango ta ƙi ci ta ƙi sha, shi kuma ya ɗauki waya cikin zafin rai ya rubuta abin da ya rubuta. Auta ta ce ƙura ce ta shigar mata ido. Tana shiga mota ta fashe da kuka, domin ta ji uwarta a bakin mutumin da take shirin tozartawa, kuma ta san ta riga ta kamu da sonsa.

Washegari ta roƙi babban mai zane a janye kashin. Ya kalle ta a ɗage ya ce ai an gama, an tura. Abin da bai gaya mata ba shi ne ya bi ta har shagon, ya ga yadda take kallon mutumin, kishi ya ci shi. Ya zana wurin tsaf, har mai askin gefe da karkataccen allon ƙofa.

Aka saka kashin. 'Yan kallo, waɗanda ba su da alƙibla, suka ce shekaru ba a yi mai daɗinsa ba. Wani ya rubuta cewa wallahi ya san shagon. Wata ta ce dama tun da ya taɓa wayarta take jin wani abu na kaɗawa a ciki. Yara suka riƙa wucewa suna ihun "Ka gane ko?" Masu kawo gyara suka watse, aka bar shi da masu zuwa ɗaukar hoto.

Saƙonsa ya shigo:

"Gwangwanin nan ke kaɗai na nuna wa. Ban san abin da na yi miki ba, amma kin iya ramuwa. Allah ya haɗa ki da wanda ya fi ni."

Ta rubuta masa:

"Uwata ce Gwaggo. Ni na rufe mata ido, ni na rubuta mata bankwana, kai kuma ka ce ban taɓa binne kowa ba. Na rama, kuma ban ji daɗin komai ba. Ina sonka, Injiniya. Wannan ba ya cikin abin da na shirya."

Ya karanta, bai amsa ba.

A gida kuma wata wutar ce. Da Auta ta gaya wa Baba wanda take so, da cewa shi ne mai sharhin, ya tashi tsaye. Ashe ya haddace sharhin nan kalma da kalma. Ya ce yaron da ya zagi makokin matarsa ba zai shiga zuri'arsa ba, ko shi kaɗai ya rage a duniya. Can ma Mama ta ce yarinyar da ta kashe mata Gwaggo, ta dawo ta kashe wa ɗanta kasuwa, kada ta sake taka mata ɗaki.

Auta ta rame. Ta daina tsokanar kowa, abin da ya fi komai tayar wa Baba hankali.

Ana nan wata safiya aka yi sallama, sai ga Injiniya a ƙofa, ba sukundireba a kunne. Bai nemi Auta ba, Baba ya nema, ya durƙusa ya ce ya zo a yi masa duk hukuncin da ya dace. Baba ya ce madalla. Ya aika aka kira ƙannen marigayiya, aka cika falo. Ya tsayar da shi ƙarƙashin hotonta ya ce ya fito da wayarsa ya karanta, da irin muryar da ya karanta wa abokansa.

Ya karanta. Baba ya ce bai ji ba, a sake. Ya sake. Aka yi ta yi har ya zo kan "ba shi da uwa" muryarsa ta karye, ya kasa wucewa. Auta na bayan labule tana toshe baki. Sai Baba ya ce ya koma inda ya yi ɓarnar ya gyara, da fuskarsa a fili. A ranar ya saka bidiyon neman gafara, 'yan kallo kuma suka juya suna ta'aziyya kamar ba su ne suka tafa ba.

Mama da ta ji, ta ce ita ma tana da nata hukuncin. Auta ta je ta zauna a shagon, duk wanda ya zo yin dariya ta miƙe ta gaya masa gaskiya da bakinta.

Ta je. Kullum tana kan kujerar nan tata, tana miƙewa tana cewa ita ta rubuta, sharri ta yi masa, ga gwangwanin, ga matattun wayoyin da kusoshin suka fito. Wasu suka zage ta, wasu suka ɗauke ta hoto, ta shanye. Shi kuwa yana aikinsa, ko kallonta ba ya yi. A hankali masu gyara suka fara dawowa.

Wata rana da la'asar, shago ba kowa, ya ajiye mata lemo mai sanyi a gabanta.

"Kin ci mutuncina, Gilashina," in ji shi.

"Kai ka fara."

"Na sani. Da na san ke ce, da hannuna ya karye kafin na rubuta. Amma ki gaya min gaskiya, wuyana ya kai tsawon wancan?"

Dariya ta ƙwace mata tare da hawaye. Ta ce ta ɗan ƙara kaɗan. Ya ce to ya yafe, da sharaɗin duk ramuwar da za ta yi nan gaba ta yi ta a gidansa, inda zai iya ba ta haƙuri da wuri.

Kada a ce Auta ta shiryu gaba ɗaya. Ba a jima ba wani sabon ɗan haya ya tare a Gidan Haya, mai zane ne mai leƙen tagogin mutane, kuma duk ofis an san wa ake nufi. Shi babban mai zanen aka ba aikin zana kansa.

Aka ɗaura aure ranar wata Asabar. Baba ya riƙe hannun ango ya ce ya yafe masa duniya da lahira, amma ya sani amanar marainiya ya ɗauka. Ango ya ce ya karɓa, idonsa ya cika.

Da aka kai amarya gaban Mama, ta durƙusa gefen keken tana sunkuyar da kai, don tun da Mama ta yanke mata hukunci ba su haɗu ba. Mama ta sa hannunta mai lafiya ta ɗago haɓarta.

"Kin ɗauke min Gwaggo," in ji ta, "ni kuma na ɗauke mata 'yarta. Ramuwata ke nan, kuma ba zan mayar ba. Daga yau kina da uwa."

Auta ta kifa kai a cinyarta tana kuka. Mama ta dafa kanta, ta ce Allah ya jiƙan wadda ta haife ta, Allah ya yi musu albarka, ya zaunar da su lafiya, ya ba su 'ya'ya masu jin ƙansu. Ɗakin ya amsa da amin, muryar ango ta fi ta kowa.