Baƙin Gefen Kwamfuta

Yammacin da abin ya fara bai bambanta da sauran ba a gidan Malam Hashimu. An dawo daga gona, an ɗaure awaki. Matarsa Hure tana tuƙa tuwo, hayaƙi ya kwanta a tsakar gida. Shi yana zaune a tabarma, 'yarsa Juwairiyya na gefensa da kwamfuta a kan cinya.

Juwairiyya malamar firamare ce, kwamfutar kuma sabuwa ce. Amma abin da take buɗewa a ciki tsoho ne. Yayanta Kamaruddeen, kafin ya rasu, yana da shagon buga takardu a Dawanau. In Malam Hashimu ya kai wake kasuwa a shagon yake hutawa, ya tarar da ɗan nasa yana buga wani gem, wasan kwamfuta na 'yar mota mai bin hanya tsakanin itatuwa. Shi bai taɓa sa hannu ba, kallo kawai yake yi. Bayan rasuwar, kwamfutar shagon ta lalace. Wani mai gyara ya kwashe abin da ke cikinta ya zuba wa Juwairiyya a filashi, har da gem ɗin.

Gem ɗin ya tashi a sabuwar kwamfutar, sai dai bai cika fuskarta ba. An yi shi ne don ƙananan allunan da, don haka ya fito a tsakiya bai wuce tafin hannu ba, baƙi ya kewaye shi ta ko'ina. Idon Malam Hashimu ya yi rauni. Tun farkon damina yake zama yana sunkuyawa. Kiɗan yana jin sa, motar kuwa sai an ce masa ga ta nan. Bai yi ƙorafi ba. 'Yar ce abin ya dama, ta yi ta tambaya har wani abokin aikinta ya nuna mata inda ake saita hoto ya miƙe ya cika allo.

Ladan ya fara kiran magariba lokacin da ta gano wurin. Hure ta ce mata ta rufe abin nan, almuru ya yi. Ta ce yanzu, Inna. Ta danna, ba ta yi bismillah ba. Hoton ya bazu nan take zuwa kowace kusurwa, baƙin ya ɓace. Motar ta yi faɗi, tayoyinta suka koma kamar ƙwai, itatuwan suka dushe. Malam Hashimu ya gyara zama, ya ce ya gan ta.

Sai dutse ya faɗo a kan kwanon ɗaki.

Ya leƙa bayan katanga. Geron maƙwabci ne a tsaye har jikin bango, babu sawun kowa. Ya dawo ya yi alwala. Kafin ya sallame, wasu sun ƙara faɗowa, a hankali, ɗaya bayan ɗaya, kamar mai jifan ba ya sauri.

Haka aka ci gaba. Rana na faɗuwa jifa zai fara. Daga baya aka riƙa jin kiɗan gem ɗin daga cikin rumbu, alhali kwamfutar na rufe a jaka. Juwairiyya ta daina zuwa makaranta. Ta daina ci sai an tilasta mata. Za ta je ta cusa kanta a ɗan lungun da ke tsakanin rumbu da katanga, inda akuya ma sai ta karkace take wucewa, ta zauna gwiwa a ƙirji. In an yi mata magana ba ta duban mutum. Abu ɗaya take faɗa, da wata murya mai kauri: ku matsa. An kai ta asibiti, ba a ga zazzaɓi ba. Malam Hashimu ya daina zuwa gona, ya zauna yana kallon lungun. Ɗa ɗaya ya binne, wannan kaɗai ta rage masa.

Aka aika wa Malam Abdulkabir, wani malamin allo daga wajen Makoda da aka sani da ruƙiyya. Ya iso a kan babur bayan la'asar. Bai yi dogon gaisuwa ba. Ya sa Hure ta fito da 'yar, ta lulluɓe ta, ta riƙe mata kafaɗu. Ya fara karatu. Ya daɗe yana yi, har inuwar katanga ta rufe tsakar gida, kaji suka hau kwana. Can jikin Juwairiyya ya sandare, muryar ta fito. Ba ta yi ihu ba. Murya ce ta tsohon da ya gaji.

Malam ya tambayi aljanin sunansa, ya ƙi faɗa. Ya tambaye shi daga ina, sai ya ce daga nan. Ya ce a tsamiyar bakin hanya aka haife shi, aka sare ta aka yi gawayi. Ya koma tsohuwar rijiya, aka cike ta aka shuka gyaɗa a kai. Ya koma cikin gambar iyakar gonaki, aka tuge ta don a ƙara kunya guda. Ya yi ta yawo da iyalinsa har ya ga wani duhu a cikin akwatin yarinyar nan, wurin da ba a shuka, ba a takawa, ba wanda ke dubansa. Nan suka sauke kaya.

"Mai zubar da ruwan zafi ma yana ambaton Allah mu kauce," in ji muryar. "Ita da magariba ta turo mana haske har bango. Ƙaramin ɗana har yau bai miƙe ba."

Malam ya ce ba ta sani ba, kuma kama wanda bai sani ba zalunci ne. Ya ce masa ya ji tsoron Allah ya fita, ya tafi daji.

"Wane dajin, Malam?"

Malam Abdulkabir ya tuna hanyar da ya biyo. Tun daga ƙauyensu har ƙofar gidan nan, gona ce ke jingine da gona.

Aljanin ya ce a mayar masa da duhunsa duka, yadda ya same shi, in ba haka ba a nan zai zauna, tunda jikin yarinyar ya fi lungu faɗi. Malam Hashimu ya ɗago kai.

"A ba shi. Har kwamfutar a ba shi."

Malam ya ɗaga masa hannu. Ya ce ba a yin haka. Ya ce ba duk maganar aljanu ce gaskiya ba, kuma in ya karɓi duka yau saboda ya tsoratar da gida, gobe ɗaki zai nema. Iyaka za a yi, kamar yadda ake yi wa masu rikicin gona. Sai dai shi bai san ko abin yana rabuwa ba, Malam Hashimu ma bai sani ba. Mutum ɗaya ce ta sani a gidan, ita kuma tana hannun aljanin.

Malam ya koma karatu, ya matsa, har muryar ta fara nishi. Sannan ya ce, "Saki bakinta ta yi magana."

Da Juwairiyya ta yi magana da muryarta, sai da Hure ta sunkuyo kafin ta ji. Ta ce akwai wani saitin tsakanin biyun. Hoton zai girma har ya taɓa sama da ƙasa, amma ba zai miƙe ta faɗi ba, baƙi zai rage a hagu da dama. Ta ce ta gan shi ranar, ta tsallake, don tana son Baba ya samu duka allon.

Muryar ta dawo, ta ce wannan ya yi ƙunci. Malam ya ce duk wanda ke ƙasar nan a ƙunci yake. Aljanin ya nemi a ƙara masa sama, Malam ya ƙi. Ya nemi kada a sake buɗe gem ɗin da magariba, kuma a yi bismillah kafin a buɗe, Malam ya ce wannan dama haƙƙi ne. Ya sa shi ya rantse da Allah ba zai sake taɓa kowa a gidan ba, ba zai sake jifa ba. Ya rantse.

Aka ɗauko kwamfutar. Malam ya ce wa aljanin ya saki hannunta na dama. Yatsun suka buɗe a hankali. Hure ta yi mata bismillah a kunne, ta maimaita, ta danna. Hoton ya ja jikinsa daga gefe biyu. Tayoyin motar suka koma zagaye. Baƙi ya tsaya a hagu da dama, kowanne kamar faɗin yatsu uku. Juwairiyya ta yi atishawa mai ƙarfi, jikinta ya saki a kan uwarta. Da ta buɗe ido ta ce ƙishirwa take ji.

Ba a yi jifa ba a ranar, ba a kuma sake ba. Malam Abdulkabir ya yi sallar isha'i da su ya tafi.

Sai bayan an yanke gero Juwairiyya ta koma makaranta. Wata rana da hantsi, ran da babu aiki, ta ɗauko kwamfutar ta zauna kusa da uban, ta yi bismillah da ƙarfi ta buɗe. Kiɗan ya tashi. Motar ta fito babba, sarai, tana bin hanyarta.

"Baba, kana gani yanzu?"

Bai dubi allon ba. Ya karkato kunnensa wajen bakinta.

"Sake faɗa."

Ta sake faɗa. Muryarta ce. Ya ce to, ta rufe haka nan.