Alli a Kan Teburin Gwaji

Ranar da Sabina ta fara ganin Valentin, ƙeyarsa ta fara gani. Mai taka zuga-zugin ogan, babban abin kiɗan cocin garinsu mai aiki da iska, ya kwanta ciwon baya, ita ta hau tana takawa, baƙon saurayin kuwa ya zauna yana ta kiɗa ba ji ba gani. Da ƙafafunta suka gaji sai kawai ta sauka. Iska ta ƙare, ogan ya yi wani irin nishi ya yi shiru.

"Wa ya katse min kiɗa?" ya ce.

"Wadda ka kusa kashewa," ta amsa tana haki.

Ya leƙo ya gan ta, ya kasa ɗauke ido daga kanta. Daga ranar shi ke nan.

Valentin ya zo koyo ne wurin mahaifinta, tsoho Melchior, wanda ya shekara arba'in yana kaɗa ogan a garin. Sabina ce ke ja wa ɗalibai layuka biyar-biyar a takardun kiɗa, a tsakanin takardun nan wasiƙunsu ke kai da komo.

Da maganar aure ta taso, tsoho ya ce atafau.

"Yaron da ba ya iya rubuta kiɗan fuga sai ya lalubi maɓallan ogan? Muryoyi huɗu ne ke bin sawun juna, a ka ake jin su, a zauna a tebur a rubuta. Ga Gottlob ɗan mai magani, in yana rubuta kiɗa ko kallon abin kiɗa ba ya yi."

"Baba, kiɗan Gottlob fa kamar burodin shekaranjiya yake."

"Ni dai na gama magana. Ranar Litinin zan rufe shi a ɗaki da takarda da tawada. In ya kawo fuga kafin ƙararrawar yamma, na ba shi ke. In ya kasa, ya ɗaure kayansa."

Ranar Lahadi wasiƙa ta zo:

"Sabinata, ni kunnena a yatsuna yake. In babu maɓallai kurma ne ni. In na faɗi ki yafe min, Allah ya sani ina son ki."

Ta karanta, hawaye suka zubo mata. Ta share, ta rubuta:

"Matsoracina, in an rufe ka, ɗaga mayafin teburin."

Ranar Litinin da sassafe ta shiga ɗakin gwajin da sunan shara, ta zana maɓallai da alli a kan katakon teburin, farare da baƙaƙe, ta mayar da mayafi.

Tsakar rana tsoho ya buɗe ƙofa ba sallama, Sabina na bayansa da kwanon miya. Ga Valentin ido a rufe, yatsu na gudu a kan alli, takardu uku sun cika.

Sabina ta ce, "Baba, ni na zana. Shi bai roƙe ni ba."

Melchior ya ɗauki takardun ya daɗe yana dubawa, leɓɓansa na motsi. Sannan ya ce, "Ku biyo ni."

A ɗakinsa ya yaye koren ƙyallen da ke kan teburin rubutunsa. Bakin katakon ya loɓa wuri-wuri, ya yi santsi, daidai inda yatsu goma za su sauka.

"Shekara arba'in ni ma ina lalube a nan," ya ce a hankali. "Marigayiya uwarki kaɗai ta sani. Ni ko allin ban yi dabararsa ba."

"Maigida," Valentin ya fara.

"Rufe min baki, je ka ƙarasa. Murya ta uku ta shigo da wuri, gyara ta."

Kafin ƙararrawa ya gama. Aka ɗaura aure bayan girbi, aka ci gasasshiyar agwagwa, har Gottlob ya zo ya yi musu fatan alheri. Sabina ta durƙusa gaban mahaifinta, ta fara yi masa godiya.

Tsoho ya dafa kanta. "Tashi, 'yata, ni ne da godiya. Na gaji da ɓoyo. Teburin nan nawa gidanku za a kai shi, kuma kada wanda ya sake rufa masa ƙyalle. Allah ya yi muku albarka, ya ba ku zaman lafiya."

Suka amsa da amin, su biyun a tare.