Murfin Tukunyar Uwar Kiɗa

Sufeto ya binciki satar mota, ya binciki satar zinare, amma sai ranar Talatar nan aka fara kiransa a kan murfin tukunya.

Mai ƙarar, wadda kowa ke kira Uwar Kiɗa, ita ke tsara kiɗan wani wasan bidiyo na zomo mai raba wasiƙu. Duk sanda zomon ya ci mataki, sarewa takan zuba gudu, ta tsaya cak, sai a ji "ƙwal!" Wannan ƙwal ɗin murfin tsohuwar tukunyarta ne, wanda gefensa ya lotse.

"Ƙarfe huɗu kamfani zai karɓi kiɗan kashi na biyar, Yallaɓai," in ji ta. "In babu ƙwal, wasu za a ba aikin."

"Ku sa tsohon sautin da kuka ɗauka mana."

"Wannan karon zomon a ruwa yake. Sai mun buga murfin a cikin baho."

Sufeto ya gyaɗa kai da girmamawa. Wata uku ke nan yana maƙale a mataki na bakwai na kashi na huɗu, amma wannan ba maganar ofis ba ce.

Ya duba kabad ɗin da ake ajiye murfin. Ba a ɓalle kwaɗo ba. Mabuɗai uku ne: nata, na Injiniya mai ɗaukar sauti, da na Baba Sarewa mai hura sarewar. Jiya da yamma ta kulle shi da hannunta, yau ƙarfe goma ta buɗe ta ga wayam.

Ya fara da Injiniya.

"Yaushe ka zo?"

"Goma daidai, Yallaɓai."

"To, wa ya ɗauki wannan sautin ƙarfe tara?" Sufeto ya nuna allon kwamfuta.

Injiniya ya sosa ƙeya. "Ni ne. Na kunna na'ura na fita shan shayi. Uwar Kiɗa ta hana ni barinta a kunne, shi ya sa."

Sufeto ya sa abin ji a kunne, ya saurara sau biyu, ya yi murmushi.

Baba Sarewa yana zaune a kusurwa, ya rungume jakar abincinsa kamar jariri.

"Baba, yaushe ka san murfin ya ɓata?"

"Goma, ɗana, sanda ta ƙwalla ihu."

Sufeto ya sa aka ƙara murya. A sautin da na'ura ta ɗauka, Baba ne yake gwaji shi kaɗai da ƙarfe tara. Sarewa ta zuba gudu, ta iso inda take tsayawa, amma ba ta tsaya ba. Ta cike gurbin da wata kwalliya mai daɗin gaske.

"Shekara tara kana tsayawa a nan, Baba. Ni shaida ne, na ji ka ya fi sau dubu. Yau ka tanadi abin cike gurbin, awa guda kafin kowa ya san babu ƙwal. Buɗe jakar."

Ga murfin nan zaune a kan kwanon shinkafa.

"Ni na ɗauka," in ji Baba. "Shekara arba'in ina hura sarewa. Wasiƙun masu wasa suna zuwa buhu-buhu, duk murfi suke gaisarwa! Har riga aka buga da hotonsa. Ni ko hula."

Injiniya ya fashe da dariya. Uwar Kiɗa ba ta yi ba.

"Haba, Baba. Ka manta kashi na ɗaya? Numfashinka ba ya kai ƙarshen layin, kamfani suka ce in canja ka. Na koma gida na rasa dabara, na ɗauko murfi. Ƙwal ɗin nan don ka ja numfashi na sa shi."

Baba ya sunkuyar da kai. Kunya ta kama shi har ya ba Sufeto tausayi.

"Sai ka zo caji ofis ka rubuta bayani," in ji Sufeto. "Amma a fara kawo baho."

Ƙarfe uku da rabi suka ɗauki sautin. Sarewa ta zuba gudu, ta tsaya cak. Ƙwal! A cikin gurbin nan kowa ya ji Baba ya ja numfashi mai tsawo.

Da Sufeto ya kama hannunsa za su fita, Baba ya tsaya gaban murfin, ya cire hula.