Za a Hau Sama

Ranar da Hafiza ta fara ganin Tajuddeen, a tsugune yake bakin gonar masara, yana goge fikafikan jirgin feshi da gefen rigarsa. Ita kuwa da fayil ta zo a hammata. Kamfanin da take wa aiki a Bici shi ke taimaka wa ƙungiyoyin manoma su cika sharuɗɗan hukuma kafin su tayar da irin wannan ƙaramin jirgi mara matuƙi: rajistar jirgi, lasisin mai tuƙa shi daga ƙasa, taswirar inda aka yarda a bi, da littafin da ake rubuta kowane tashi. An turo ta wannan ƙauye na gefen Kunci ne saboda 'yar garin ce.

Ta nemi ganin lasisinsa. Ya miƙa mata, ya tambaya ko har haƙoransa za ta duba. Ba ta yi dariya ba. Tun rasuwar mahaifiyarta bara, dariya da kuka duk sun yi mata nisa. Tana ci, tana salla, tana cike fom, amma zuciyarta kamar hannun da aka kwana a kansa.

Bayan mako guda saƙonsa ya shigo wayarta.

"Hajiya Fom, yau na tashi sau huɗu, na sauka sau huɗu, duk na rubuta. Amma tun ranar Talata nake tunaninki. A wane shafi zan sa wannan?"

Ta rubuta masa amsa. "Babu shafinsa. Ka ci abinci, Direban Sama."

Haka suka ci gaba har masara ta yi goyo. Bai taɓa matsa mata ta yi fara'a ba. In ta yi shiru, shi ma sai ya yi shiru, su zauna gindin ɗorawa suna kallon batir yana caji. Wataƙila wannan ne ya sa ta yarda ya turo magabatansa. Ba wai ta ji wani abu ya motsa ba ne. Kawai ta lura cewa kusa da shi shirun ba ya yi mata nauyi.

Mahaifinta, Malam Muhammadu Sani, tsohon magini ne, shekara talatin yana yaɓe rufin soraye kafin damina. Ya saurari magabatan, ya ce zai yi shawara. A ransa Badaru yake so, ɗan amininsa, wanda shi ne matuƙi na biyu a ƙungiyar. Badaru ya tashi a gabansa, Tajuddeen kuwa baƙo ne daga Rimin Gado.

A wannan yanki gona tana jingine da katangar gida, tsakar gida kuma ba ta da rufi. Shi ya sa Hafiza ta zagaye kowane gida da jan layi a taswira. Ran wata Alhamis da hantsi, jirgin ya tsallake jan layi, ya ratsa ta saman gidansu. Gwaggonta, Inna Tani, tana zaune ana yi mata kitso, matan gida duk ba ɗankwali. Suka watse cikin ɗakuna, kai rabi a tsefe. Kowa a garin ya san akwai kyamara a cikin jirgin.

Malam bai ɗaga murya ba. Ya kira Hafiza zaure bayan azahar.

"Shekara talatin," ya ce, "ban taɓa ɗora ƙafa a tsani ba sai na yi kira sau uku. Salamu alaikum maƙwabta, za a hau sama, mata a kintsa. Ko kan bishiya yaro zai hau, sai ya faɗa. Ke ce mai takardu. Ki dubo min wanda ya leƙa gidana."

Ta koma ofishin ƙungiya ta buɗe littafi. A layin ranar Alhamis sunan Badaru ne, da sa hannunsa tun safe. Ta tsaya tana kallon sunan. Sai Tajuddeen ya shigo, ya tsaya daga bakin ƙofa, ya gaya mata yadda aka yi. Badaru ya sa hannu, sannan ya miƙa masa rimot ya wuce kasuwar Bici, ba wanda ya tuna ya gyara littafi. Batir ya yi ƙasa ba zato. In ya bi zagaye, jirgin zai iya faɗowa kan mutanen da ke bakin rijiya. Sai ya yanke ta saman gida. Daƙiƙa bakwai.

Tana jin sa kamar daga bayan bango. Abin da ke gabanta a fili yake. Ba sai ta yi ƙarya da bakinta ba, ba sai ta rubuta ko harafi ɗaya ba. In ta bar littafin yadda yake, Badaru zai musa, amma sa hannunsa ne a wurin, kuma dama ya bar aikinsa. Malam zai fita sha'anin Badaru, hanya ta buɗe mata ita da Tajuddeen. Shin wanda ya ga kuskure a takarda ya rufe ta, ya yi ƙarya? Ta juya tambayar nan har aka kira la'asar, ba ta ji tsoro ba, ba ta ji tausayi ba. Abu ɗaya kawai ta gano: a ƙasan shafin akwai wurin sa hannunta, inda aka rubuta cewa ta duba ta tabbatar.

"Me kake so in yi?" ta tambaye shi.

"In na gaya miki, kin raba nauyin da ni," ya ce. "Biron a hannunki yake, Hafizata."

Ta ja layi ɗaya a kan sunan Badaru, yadda za a iya karanta shi, ta rubuta na Tajuddeen a sama, da dalili, da kwanan wata. Ta cike fom ɗin rahoton tsautsayi ta aika wa hukuma. Da ta isa gida ta gaya wa Malam. Ya ce kada ya sake jin sunan yaron nan a gidansa.

Bayan kwana tara amsa ta zo. An gargaɗi ƙungiya da Badaru, an dakatar da Tajuddeen wata uku. Saƙonsa ya shigo da kalma uku: "Kin yi daidai." Daga nan ɗif.

Ta ɗauka sallama ce. Badaru ya fara zuwa da yamma, da nama a takarda, yana cewa shi bai riƙe kowa a zuciya ba. Takan zauna ta saurare shi, in ya tafi ba ta iya tuna abin da ya ce. Inna Tani ta ce da ita, "Ke ko kuka ne ki yi mana, mu san da rai." Ta gwada. Bai zo ba.

Ana cikin mako na uku, da sanyin safiya, aka ji murya daga ƙofar gida. Sallama sau uku, sannan kiran nan na masu hawa rufi, da karin harshen da ba na garin ba. Malam ya fita. Hafiza ta tsaya bayan ƙofar zaure.

Tajuddeen ne, a durƙushe, ba jirgi ba rimot. Ashe duk kwanakin nan gida-gida yake bi da ƙafa, yana tambayar masu gida inda mata ke zama da inda makewayi yake, yana gyara taswira. Ya rubuta sabuwar ƙa'ida, shugabannin ƙungiya sun amince: ba za a ƙara tayar da jirgi kusa da gidaje ba sai an yi kira sau uku, an kuma rubuta sunan wanda ya yi kiran.

"Me ka gani a gidana?" in ji Malam.

"Baba, idona na kan batir, ban duba ba. Amma na'ura ta ɗauka." Ya ciro ɗan katin kyamara, ƙanƙane kamar farce, ya ajiye a gefen tabarma. "Hanyar da jirgi ya bi tana fayil, doka ta ce a ajiye. Hoton kuwa ba na ƙungiya ba ne, na masu gida ne. Ban buɗe ba."

Malam ya aika da katin cikin gida. Inna Tani ta jefa shi a turmi, ta ba shi taɓarya uku, ta ce wannan na kitsonta ne da aka bari rabi.

Malam ya juyo wajen Tajuddeen. Sannan ya tambaye shi ko bai ji haushin yarinyar da ta sa aka dakatar da shi ba. Tajuddeen ya ce ya ji, kwana biyu. A na uku ya gane cewa da ta rufa masa asiri da sunan wani, da kullum ya dube ta sai ya tuna Badaru.

"Kiran naka bai yi ba," Malam ya ce a ƙarshe. "Kana haɗiye ƙarshensa. Ta can ƙuryar gida ba za ta ji ba. Ka dawo gobe in koya maka."

Da azahar saƙo ya shigo wayarta. "Hajiya Fom, ki yafe min shirun. Ban so in zo hannu wofi ba. Akwai sauran shafi?"

Ta rubuta: "Akwai. Amma Baba ne zai sa hannu."

Bayan an yi girbi aka ɗaura aure a ƙofar gidan. Badaru ya zo, ya ci shinkafa, ya ce shi ne zai ɗauki hoton taro da jirgi. Aka nuna masa ƙa'ida. Malam Muhammadu Sani da kansa ya miƙe cikin babbar riga, ya dafa katanga, ya saki muryar da aka shekara goma ba a ji ba: salamu alaikum maƙwabta, za a hau sama, mata a kintsa.

A tsakar gida mata suka hau gyara mayafi suna dariya. Hafiza na zaune da lalle a hannu. Da wannan murya ta tashi tana yarinya, mahaifiyarta na jawo ta jikinta tana rufa mata kai da gefen zane. Sai ta ji wani abu yana tsira mata a ƙirji, irin zafin da hannu kan yi in jini ya fara komawa cikinsa. Hawaye suka zubo. Inna Tani ta jawo mayafi ta rufe mata kai, ba ta ce ta yi shiru ba.

Allah Ya ba su zaman lafiya da zuriya mai albarka, Ya rufa musu asiri kamar yadda suka kiyaye na maƙwabta.